Kajin Goggo Kulu da Tafiyata Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya gan ni a bakin asibitin dabbobi na Kalgo, inda nake aikin duba kaji da awaki, sai ya tare ni: "Mainasara, mi kag gano?" Wannan yana son labarin teku, wancan yana son ya ji ko da gaske ne ana sayar da motoci kamar goro. Bakina ya gaji da maimaici. To ga labarin gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata kuma sai ya saya mini fura.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ɗiyata Nana, 'yar shekara huɗu, sau biyu tana kwanciya asibiti a Birnin Kebbi da zawo da zazzaɓi mai zafi. A karo na biyu na ga idanunta sun faɗa, maganin da aka saba bayarwa kuma ya ƙi ci, sai da aka canza wani. Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce mai suna salmonela, ta abinci take shiga, ya kuma ce in bincika gidana, don abin da ya dawo sau biyu yana iya dawowa sau uku. Ana cikin haka na ji yaron ƙanena a Wurogauri ya yi irin wannan ciwo, haka ma jikar wani kawuna a Ceberu.

Akwai abin da zuciyata ta raɗa mini, na ce mata ta yi shiru. Goggo Kulu, ƙanwar mahaifina da ke Gwandu, Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba, sai ta mai da 'ya'yan dangi nata. Duk gidan da aka haihu, ranar suna za ka gan ta tafe da budurwar kaza a ƙarƙashin mayafi, ta ajiye wa jariri ta ce dukiyarsa ce ta fari. Kajin nan jajaye ne masu wake-wake, irin da uwarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Ni kaina da kazar Goggo na sayi akuyata ta farko. Nana ma tana da tata, tana cin ƙwanta, tana kwana da tunanin 'yan tsakinta. Amma kajin lafiyarsu lau, ƙiba har da sheƙi. Ta yaya zan zargi kaza mai lafiya?

Sai ga dama ta samu. Aka zaɓe ni zuwa wani horo a Kwatano na masu aikin dabbobi, aka ce kowa ya zo da samfur daga yankinsa. Na bi gidajen nan na kwashi kashin kaji, har da na gidan Goggo, wadda na ce wa aikin ofis ne kawai. Wani abokina a ɗakin gwaji ya tsamo ƙwayoyin, ya kashe su, ya ɗiga kowace a kan 'yar takarda ta musamman, ya haɗa da wadda aka samu a jikin Nana. Na sa su a 'yar kula tare da takardun izini, na rungume.

Muka bi ta Bunza da Dakingari, muka haye Kwara, muka nufi Tsamiya. A motar aka haɗa ni kujera da wata tsohuwa mai buhun busasshen kifi, wadda tun daga Bunza take kallon kular nan. Da rana ta take ta kasa daurewa.

"Ɗana, ba ka sammana abin da ke cikin kular? Ko sai mun roƙa?"

Na ce, "Inna, wallahi ba na ci ba ne."

Ta ce, "Haka marowata ka cewa." Ta juya mini baya har bakin iyaka, amma da za mu rabu ta ciro kifi biyu ta cusa mini a aljihu, wai don in koyi hali.

A iyaka jami'in ƙasar Benin, wani dogo mai fara'a, ya nuna kula ya yi tambaya da Faransanci. Ni kuwa Faransancina bai wuce "bonjur" ba, shi ma a mota na koya. Wani yaron mota ya fassara: mene ne a ciki? Na ce kashin kaji. Yaron ya dube ni, ya ce in sake faɗa. Na sake. Da ya fassara, jami'in ya kira abokan aikinsa su zo su ga mutumin da ya baro Najeriya da kashin kaji a kula. Suka yi dariya har da riƙe ciki, amma fa dariyar ba ta hana shi aikinsa ba. Ya karanta takarduna ɗaya bayan ɗaya, ya buga waya ya tabbatar, sannan ya buga hatimi ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce a gaya mini kajin Benin ma suna yi, da na tambaya da sun tara mini.

Daga Segbana zuwa Kandi har Paraku ban ji baƙunci sosai ba. Ga Fulani da shanu, ga masallatai, ga Dandawa masu jin Hausa. Abin da ya bambanta shi ne auduga, tuli-tuli a bakin hanya, da burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, wanda in ka gatsa sai dasashinka ya yi ƙara. A Paraku na kwana a zango, gidan wani dattijo da ya ce kakansa daga Argungu ya zo fataucin goro bai koma ba. Matarsa ta kawo sakwara da miyar gyaɗa, a ciki ga wasu jajayen curi. Na ɗauka nama ne, na gatsa na ji laushi. Ashe cukun Fulani ne da suke kira wagashi, ana rina bayansa da karan dawa a soya. Kai jama'a! Mu da muke zaune tsakiyar rugage a Kalgo, me ya hana mu wannan? Na ci har na ji kunya, na kuma ƙara.

Kwatano kuwa gari ne na babura. 'Yan acaɓansu duk riga ɗorawa, ana ce musu zemijan, kuma mata ma na tuƙa nasu babur da jariri a goye, ba mai waiwayen su. Wanda ya ɗauke ni ya miƙo hular kwano. Na ɗora a kan hulata zanna, ta ƙi zama. Na cire zannar na matse a hammata, muna hawa gada iska ta fizge ta, ina ji ina gani ta faɗa ruwa. Hular da na yi tanadi don in fita kunyar Kabawa! A masauki aka haɗa ni ɗaki da Isufu, wani Ba'are daga Dogon Dutsi mai jin Faransanci kamar ruwa. Shi ya zama bakina da kunnena, kuma bai daina yi mini ta'aziyyar hula ba har muka rabu.

Washegari na caɓa ado da babbar riga na tafi ɗakin gwajin. Mai koyar da mu wata mace ce 'yar ƙarama, Madam Sidoni, da furfura a goshi, ba ta ɗaga murya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi magana. Isufu ya ce, "Ta ce rigar ta yi kyau ƙwarai, ka tuɓe ta." Aka ba ni farar riga da safar hannu da wani takalmin roba da ya yi mini kaɗan. Da farko na ji haushi. Amma da na ga ita kanta, mai digiri a kan digiri, ta naɗe hannu tana goge teburinta kafin aiki da bayan aiki, ba ta jiran masinja, sai na haɗiye haushina. Ban taɓa ganin mai haƙuri da jahilcin mutum irin matar nan ba. In ka yi tambayar wauta, sai ta ce tambaya ce mai kyau, har ka fara yarda.

Gaisuwarsu ma abin ji ce. In sun same ka kana aiki ba sa cewa sannu da aiki, sai su ce, "Ka ɗan yi kaɗan?" Ranar farko na ce wa Isufu wannan ai raini ne, tun safe nake fama. Ya ce haka ake yi, kai kuma ka amsa da "E, kaɗan." Daga baya abin ya burge ni, don babu mai cika baki a kan aikinsa.

Na'urar da za a gwada samfuranmu da ita ba ta fi akwatin talabijin ba. Madam ta ce kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da rubutun gadonta a cikinta, na'urar kuma karanta rubutun take yi. Na ce wa Isufu, "Ashe salsala ce." Mu mutanen Gwandu ai mun san wannan, a zauna a jero maka wane ya haifi wane har kaka na bakwai. Madam ta ji daɗin misalin, ta ce haka ne, sai dai wannan salsalar ba a iya yi mata ƙari don a shiga gidan sarauta.

A cikin rubutun nan take nuna mana makaman ƙwayar. Akwai gadon da ke sa ta tsiro da wasu 'yan gashi da take maƙalewa da su a hanjin kaza, har ta haura inda ƙwai ke haɗuwa ta zauna. Kaza ba ta jin komai, tana kiwonta, tana ƙiba, amma wani ƙwan yakan fito da ƙwayar a cikinsa tun kafin ɓawo ya rufe, ɗan tsako ya ƙyanƙyashe da ita, shi ma ya ba nasa 'ya'yan. Na tambaya, to in an kawar da kajin shi ke nan? Ta girgiza kai. Ta ce akwai wani gadon da ke sa su taru su lulluɓe kansu da yauƙi, ya bushe a kansu, su laɓe a tsagar bango ko ƙasan akurki wata da watanni, ba ci ba sha, suna jiran sabuwar kaza. Wallahi sai da na ce Allahu Akbar a fili. Abin da ido ba ya gani, a ba shi wannan dabara! Mugu ne, amma na jinjina masa.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne na magani. Ta ce akwai wani ɗan zoben gado da ke hana magani kama su, kuma ba sai ta haihuwa ake samunsa ba, ƙwaya takan miƙa wa maƙwabciyarta kamar yadda mata ke miƙa gishiri ta kan katanga. Duk lokacin da aka barbaɗa wa kaji maganin kafso ja-da-yalo a ruwan sha ba bisa ƙa'ida ba, marasa zoben su mutu, masu zoben su gaje gidan. Na tuna kowane gida a garinmu haka ake yi da zarar kaza ta yi tari.

Ranar hutu Madam ta kai mu gonar kajin wani ɗan'uwanta a bayan gari. Kafin mu zauna uwargidan ta kawo ruwa a kwano, ta tsuguna, ta kurɓa, sannan ta miƙo mini. Na kalli Isufu, don a wurinmu wa zai sha ruwan baƙo a gabansa? Ya ce al'adarsu ce, mai bayarwa shi ke fara ɗanɗanawa don baƙo ya san babu cuta a kyautar. Maigidan kuwa, duk da fara'arsa, bai bar mu mun leƙa kaji ba sai da muka tsoma ƙafa a ruwan magani. Can gefe ya nuna mana wani ɗan keji shi kaɗai, da zakara ɗaya a ciki yana ta fushi. Surukinsa ne ya ba shi kyauta. Ya ce ko uwarsa ce ta kawo kaza, a nan za ta sauka, a ɗebi kashinta a gwada, sannan ta shiga cikin jama'a. Na ce surukin bai ji haushi ba? Ya ce ya ji, amma ya huce.

Sakamakon samfurina ya fito ana gab da gama horon. Madam ta kira ni da Isufu gaban allon kwamfuta, ta nuna mini wani zane kamar reshen bishiya. Samfuran sauran ɗalibai sun watsu, kowane da reshensa. Nawa kuwa, na Kalgo da na Wurogauri da na Ceberu da na Gwandu da na jikin Nana, duk sun dunƙule a tsinke ɗaya, kowane da zoben nan na ƙin magani. Ta ce waɗannan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ta tambaya ko kasuwa ɗaya gidajen ke sayen kaji. Na ce a'a. Abinci ɗaya? A'a. Rijiya ɗaya? Na ce tsakaninsu tafiya ce ta mota.

Ta ce, "To me ya haɗa su? Na'ura ba ta san wannan ba, kai ka sani."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ba ta labarin Goggo, da mayafin, da ranar suna. Isufu yana fassarawa muryarsa na raguwa. Madam ta saurara har na gama. Sannan ta ce kada in kuskura in ce wa tsohuwar ita ta jawo, don ba wanda ya san ta inda ƙwayar ta fara shiga, kuma babu idon da zai iya ganinta. Amma kajin sai an yanka, a dafa su lugub, akurkin kuma a rushe. Ta dafa kafaɗata ta ce wannan aikin ya fi nata wuya.

Hanyar dawowa ban ga komai ba. Ko wagashin Paraku ban ji ɗanɗanonsa ba. Na kwana biyu a Kalgo ina kewaye-kewaye, na hana Nana ƙwai, na kulle kajinta, tana kuka tana cewa za ta haɗa ni da Goggo. Matata ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matar ƙanenka cikin wata biyar gare ta, kana so a kai wa wannan jaririn kazar ma?" Na hau babur na nufi Gwandu.

Na tarar da Goggo a tsakar gida tana watsa wa kajin tsaki, tana kiran kowace da sunanta. Na tsuguna na gaishe ta, na ba ta turmin atamfar da na sayo. Na fara da labarin hula, ta yi dariya har da hawaye. Na ba ta na matar da ke kurɓar ruwa kafin ta ba baƙo, ta ce waɗannan mutane sun san mutunci. Daga nan labari ya ƙare mini.

Ta ce, "Mainasara, tun kana tsumma nis san ka. Kashin da ka kwasa, mi anka gani?"

Na gaya mata duka, a hankali, yadda Madam ta koya mini. Na ce ba laifinta ba ne, na faɗa har sau uku. Ba ta kalle ni ba, kajin take kallo.

"Ciwon da Nana ta yi, har anka sa mata ruwa, daga kazar da na kai mata ne?"

Na ce, "Goggo, ƙwayar iri ɗaya ce."

Ta ajiye ƙwaryar tsakin. Ta ce, "Ni da nike kai musu arziki." Wallahi da a ce ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Can ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wuƙa ta miƙo mini. Ta ce, "An ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Wanda ya faɗi haka bai yi kiwo ba. Kai ka yanka, ni in riƙe, don ba su yarda da hannun kowa." Haka aka yi. Tana kamo su ɗaya-ɗaya, ba wadda ta gudu. Akurkin yumɓu da uwarta ta gina mata kuwa ba ta bari na taɓa ba, ita ta sa taɓarya ta farfasa shi, muka tara kara muka ƙone wurin. Washegari ta sa na goya ta a babur, Ceberu, Wurogauri, Kalgo, gida-gida. Ta ce ita ta kai, ita za ta karɓo. Wanda ya so gardama, kallo ɗaya take masa ya je ya kamo kazar.

Da matar ƙanena ta sauka, ranar suna aka cika gida a Wurogauri, babu Goggo. Na same ta a zaure ita kaɗai, ta rufa da mayafi, hannuwa a cinya. Ta ce ba ta taɓa shiga gidan suna hannu sake ba, ba kuma za ta fara yau ba. Ni kuwa dama na shirya. Tun dawowata na sayi 'yan tsaki daga inda aka tabbatar mini da su, na raine su a sabon keji, na kai kashinsu gwaji har sau biyu. Na ciro budurwa ɗaya daga kwali, fara ce sol, na ajiye a gabanta.

Ta dube ta a wulaƙance. "Wagga ba ta san ni ba."

Na ce, "Za ta san ki, Goggo."

Ta ɗaga ta, ta auna nauyinta a hannu, ta buɗe fiffiken ta duba. Sannan ta ce, "An kurɓa kafin a miƙa?"

Na ce an kurɓa, sau biyu.

Ta cusa ta ƙarƙashin mayafi, ta gyara ɗaurin zane, ta ce in kauce mata daga hanya.